District 9: fim ɗin da ya tausaya wa dodanni, ya mayar da ɗan Najeriya dodo

Masu cewa finafinan kumbo da halittun wata duniya tatsuniya ce kawai, a kalla a wuce, ina da ja da ku. A 1966 shirin Star Trek ya ɗora baƙar mace, Nichelle Nichols, a matsayin jami'a cikin kumbo, lokacin da baƙaƙen Amurka ke shan duka a titi kan neman 'yanci. Da ta so ajiye aikin, Martin Luther King da kansa ya roƙe ta ta zauna. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta sha faɗin cewa kallon matar nan ne ya ba ta ƙwarin gwiwa. To idan fim na iya gina mutum, me zai hana ya rushe shi?

Ku ɗauki District 9 na 2009, wanda ɗan Afirka ta Kudu Neill Blomkamp ya shirya. Kumbo ya lalace a saman Johannesburg, aka kwashe halittun ciki aka jibge su a unguwar bukkokin langa-langa, an zagaye su da waya. Kowa ya gane inda aka dosa: mulkin wariyar launin fata, da District Six ta Cape Town inda aka tashi mutum fiye da 60,000 don Turawa. Har nan ba laifi, fim ne mai basira, shi ya sa ma ya shiga takarar Oscar.

Amma su wa ke cin zalin halittun nan a cikin unguwar? 'Yan Najeriya. Su ne dillalan bindiga, su ne masu sayar wa halittun abincin kyanwa na gwangwani da tsadar tsiya, matansu kuma karuwai. Ogansu yana kan keken guragu, bokanya na zuga shi ya ci naman halittun don ya gaji ƙarfinsu. Sunansa kuwa Obesandjo. Haba jama'a, ko kara ba a yi mana ba!

Abin da ya fi ci min rai shi ne, kafin fim ya ƙare kana jin tausayin halitta mai kama da ƙwaro, saboda an ba shi ɗa, an ba shi kewar gida. Baturen da ya zo korarsu ma an ba shi damar tuba. Ɗan Najeriya kaɗai ba a ba shi uwa ba, ba a ba shi dalili ba.

Marigayiya Dora Akunyili, tana ministar yaɗa labarai a lokacin, ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi, ta kuma nemi kamfanin Sony mai rarraba fim ɗin ya ba da haƙuri. Wasu namu suka ce ta cika zafi, ai Turawan cikin fim ɗin ma mugaye ne. Gaskiya ne, sai dai su muguntarsu an ɗora ta kan wani kamfani na ƙage, mu kuma aka ɗora ta kan sunan ƙasa ɗungurungum.

A duba lokacin ma. A watan Mayun 2008, shekara guda kafin fim ɗin ya fito, rikicin ƙyamar baƙi a Afirka ta Kudu ya ci ran mutum 62. Ban ce fim ne ya kunna wutar ba, amma mai shirya shi ya san garin da yake zuba fetur. A 2019 sai da aka tura jirgi ya kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya daga Johannesburg bayan an ƙona shagunan baƙi.