Sha-ka-fashe ba maganin ciwon ƙin cin abinci ba ne

Idan budurwa ta fara ramewa, tana gudun kwanon abinci, iyaye da yawa kemis suke fara nufa, su sayo sha-ka-fashe, wato cyproheptadine ko dexamethasone. Kuskure ne babba. Dexamethasone yana kumbura fuska, ya ɗaga sukarin jini, ya raunana ƙashi, tsoron ƙibar da ya hana yarinyar ci kuma yana nan daram a ranta.

Magani yana da gurbinsa, amma sai likitan ƙwaƙwalwa ya tantance wane ciwo ne.

Mai bulimiya, wato wadda ke cin abinci fiye da kima sannan ta jawo amai da gangan, fluoxetine yana taimaka mata ƙwarai. Adadin da ke aiki miligiram 60 ne a rana, ninki uku na 20 da ake fara bai wa mai ciwon damuwa. Nan ake yawan tuntuɓe: a bar ta a kan 20, a ga shiru, a ce maganin bai karɓe ta ba. Kafin a fara a auna sinadarin potassium a jininta, domin yawan amai yana zubar da shi, ƙarancinsa kuma yana rikita bugun zuciya. Bupropion kuwa kada a kusance shi, yana iya jawo mata jijjiga irin ta farfaɗiya.

Ga mai cin da ba ya iya tsayarwa, ba tare da amai ba, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da lisdexamfetamine a 2015. Ana farawa da miligiram 30, a hau zuwa 50 ko 70, ana bin hawan jini, ana kuma lura kada ya zama jaraba.

Anoreksiya, wato ƙin cin abinci saboda tsoron ƙiba har jiki ya rame, ita ce mai wuyar. Har yau babu maganin da wannan hukuma ta amince da shi dominta, fluoxetine ma ba ya tasiri a jikin da yunwa ta cinye. Olanzapine, daga miligiram 2.5, yakan ɗan ƙara nauyi, iyakarsa ke nan. Abinci da zama da likita su ne jinyar. Ciyarwar ma da ƙa'ida: idan aka ɗura abinci mai yawa lokaci guda ga wadda ta daɗe ba ta ci, sinadarin phosphate na jininta yana faɗuwa cikin kwanakin farko, zuciya na iya tsayawa. Shi ya sa wadda ta rame sosai a asibiti ake fara ciyar da ita, a ba ta thiamine, wato bitamin B1, a riƙa auna jininta kullum a makon farko.