In dai surutu ne, me ya sa ake kama su?

Kai jama'a! Wannan bawan Allah da bidiyonsa yake ta yawo tun jiya, sau biyu na kalla don kar in zalunce shi, kuma wallahi kallo na biyu ya fi na farko ɓata min rai. Wai hip-hop ba komai ba ce sai surutu da ashar da wando a ƙasan ƙugu, wai ba a taɓa jin magana mai ma'ana daga bakin mawaƙin gambara ba. Ba a taɓa ba fa ya ce! Har da gyara zama da ɗaga yatsa kamar wanda ya shekara goma yana bincike. To sannu da aiki malam, Allah ya ƙara basira.

Ni tambayata ɗaya ce tak, in dai surutu ne me ya sa masu mulki suke tsoronsa? Wa ya taɓa tura motar 'yan sanda don a kamo surutu?

A Tunisiya wani matashi El Général ya yi waƙa yana faɗa wa shugaba Ben Ali ƙiri-ƙiri cewa mutanenka na cikin wahala, a farkon Janairun 2011 aka je har gida aka kama shi, ranar 14 ga watan Ben Ali ya tsere Saudiyya. Ban ce waƙa ce kaɗai ta kore shi ba, kar wani ya zo ya cika ni da gardama, amma su da suka kama yaron ai sun saurari abin da yake faɗa, kai ne dai ba ka saurara ba. A Senegal mawaƙan gambara ne da 'yan jarida suka kafa Y'en a Marre a 2011, wato abin ya ishe mu, takaicin ɗauke wutar lantarki ne ma ya fara haɗa su, suka bi matasa suna cewa ku je ku yanki katin zaɓe, a 2012 shugaba Abdoulaye Wade da ke neman wa'adi na uku ya sha ƙasa. Surutu ko? A Burkina Faso mawaƙin gambara Smockey yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar da ta ɗauki tsintsiya a matsayin alama, Oktoban 2014 shugaba Blaise Compaoré ya bar kujera bayan shekara 27, da aka yi yunƙurin juyin mulki a 2015 kuwa sai da aka kai wa sutudiyon Smockey hari. Sojoji da makamai a hannu amma ɗakin naɗar waƙa ya tsone musu ido. Surutu ne dai ko malam? Ko mawaƙin Najeriya Eedris Abdulkareem da aka hana saka waƙarsa Jaga Jaga a rediyo a 2004, aka kuma sake hana wata waƙarsa a 2025, shi ma don surutu ne?

Na san abin da za ku ce, ai akwai batsa, akwai kirarin kuɗi da bindiga da wulaƙanta mata. Eh akwai, wa ya musa? Ni ma akwai waɗanda ko minti ɗaya ba na iya yi da su. Amma don wake ɗaya ya ɓata gari ba a cewa duniya babu gari. Mu wuce wurin.

Gaskiya abin ya taɓa ni ne saboda na san ranar da na fara zama na saurari waƙar da Tupac, mawaƙin gambara na Amurka, ya fitar a 1991 a kan yarinya 'yar shekara 12 da aka yi wa ciki, babu wanda ya tsaya mata ko a gidansu. Turancin ya yi min sauri, sai ina tsayarwa ina mayarwa baya, ina duba kalmomin ɗaya bayan ɗaya, da na gane labarin sai na cire abin kunne na yi shiru, na daɗe ban ce komai ba. Hip-hop ɗin nan daga Bronx ta birnin New York ya taso a shekarun 1970, unguwar talakawa da gidaje ke ta cin wuta hukuma ta juya musu baya, yaran da babu jaridar da za ta buga kukansu suka ɗauki makirufo suka faɗa da bakinsu. Shi ne wani zai zauna cikin sanyin fanka ya ce babu ma'ana. Su kuma waɗanda suka ba mawaƙin gambara Kendrick Lamar babbar kyautar nan ta Amurka, Pulitzer, a 2018 ina jin ba su kai ka ilimi ba.

Ka ce ba ka so, wannan ra'ayinka ne, babu dole. Amma ka ce babu komai a ciki alhali kiɗan kawai ka ji daga nesa, haba dai.

Af, tunda maganar abin kunne ta zo, wanda ya ari nawa tun watan jiya ya san kansa. Wanda nake lallaɓawa da shi yanzu kunne ɗaya ne yake aiki, shi ma sai na danne wayar da yatsa. Dan Allah a dawo min da kayana kafin in kira suna.