Cressida, kaset da Grendizer: a cece su tun suna cetuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda, Makka da Madina.

Kwanan nan ba a rasa mai ɗora hoton tsohuwar motar Toyota Cressida fara a intanet, ya rubuta a ƙasa cewa ita ce motarsa ta farko. Daga nan sai hira ta ɓarke. Wani ya tuna muryar Shata a hanyar Jidda zuwa Makka, wani ya tuna Talal Maddah a rediyon makwabta, wani kuma ya tuna yadda yara ke barin ƙwallo su ruga gida don kada katun ɗin Grendizer ya wuce su. Hirar tana yi mini daɗi, kewa ce ta gaskiya. Abin da ke damuna shi ne kayan da muke kewa ba su ɓace ba tukuna. Motar tana bayan gida ƙarƙashin tamfol, kasusuwan suna cikin kwali a saman soro, kuma kowace bazara sai zafi ya ci wani abu a jikinsu. A ganina, wanda ke da su a hannu, aiki ne a gabansa, kuma aikin yana da ƙa'ida.

Mu fara da motar. Cressida ta ƙarshe ita ce wadda Toyota ta fitar a 1988, aka ci gaba da sayar da ita a nan har tsakiyar shekarun 1990, bayan ƙasashe da yawa sun daina karɓarta. Mai neman saye a Haraj, kasuwar motocin hannu, ya fara da takarda kafin ƙarfe: lambar sasi ta yi daidai da ta istimara, wato takardar rajistar mota, fahas, wato takardar gwajin lafiyar mota, yana da rai, akwai inshora, babu tara a kan motar, domin sai da waɗannan canjin suna ke tafiya a Absher, manhajar hidimomin gwamnati. Bayan haka ya durƙusa ya duba tsatsa. Motar da ta rayu a Jidda ta sha iskar gishiri da laima, don haka a ɗaga kafet, a duba ramin safaya taya, ƙasan ƙofofi, gefen gilashin gaba da mazaunin batir. A leƙa bayan dashbod da layin da kujeru ke gudu a kai. Idan aka ga busasshen laka a can, motar ta taɓa nutsewa, kuma kowa ya san ambaliyar 2009 da ta 2011 sun cinye motoci da yawa a garin nan. Irin wannan wayoyinta ba sa daina ba da wahala. Ta Riyad ko Kasim kuwa jikinta kan zo da lafiya, amma robobi da dashbod duk rana ta farfasa su. Ni na fi ba da shawarar ta biyun, domin ana samun roba a tashlihi, inda ake sayar da kayan matattun motoci, amma sasin da tsatsa ta huda ya tafi.

Yawancin waɗanda ke hannun mutanenmu injin 22R ne, mai silinda huɗu, lita 2.4, da kafireta. Inji ne mai haƙuri, sai dai yana da wuri ɗaya da yake yaudarar mutane. Ba bel ke juya taiminsa ba, sarƙa ce, kuma abin da ke riƙe sarƙar a kan hanya roba ce mai tauri. Idan robar ta tsufa sai ta karye, sarƙa ta fara dukan murfin gaba na alminiyam. Alamar farko ita ce ƙarar kacau-kacau na 'yan daƙiƙu idan aka tayar da sanyin safiya. Aka yi biris, sarƙar za ta ci murfin har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gauraya da baƙin mai, ka zaro sandar awo ka ga abu kamar shayi da madara. A nan ake asarar kuɗi: bakanike ya ce gasket ne, a sauke top silinda a canza, bayan mako biyu shayin ya dawo. Duk wanda ya ga wannan alama ya sa a buɗe murfin sama a haska fitila a kan sarƙar kafin a yanke hukunci. Idan robar ta karye, a canza sarƙa da giyoyinta da abin ɗaure ta gaba ɗaya, sannan a sauke kaskon mai na ƙasa a kwashe gutsattsarin robar, don su ne ke toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki.

Abu na biyu shi ne zafi. Jikin injin baƙin ƙarfe ne, kansa alminiyam, to tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta lanƙwasa kan. Akwai ɗabi'u biyu da ya kamata mu bari. Na farko zuba ruwan famfo a lagireto, wanda ke tara gishiri da tsatsa a cikin siraran bututun. Abin da ya dace rabi ruwan sanyaya inji, rabi tataccen ruwa irin na batir. Na biyu cire tamostat da sunan ƙasar zafi ce. Injin da ba shi da ita yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha fetur, mai ya yi saurin lalacewa, kuma ainihin matsalar tana nan ba a taɓa ta ba. Murfin lagireto ya zama mai lamba 0.9, sabo, don araha ne kuma tsohon murfi shi kaɗai yana iya sa ruwa ya tafasa. Ga hanyar gane inda cutar take: motar da ke zafi a cunkoson Balad, tsohon garin Jidda, amma ta huce a babban titi, fanka ce ta mutu. A kashe injin yana da zafi, a juya fankar da hannu. Idan ta yi ta wulwulawa ba tirjiya, kulochinta ya gama aiki. Wadda kuwa ke lafiya a cikin gari amma allura ta hau a hanyar Madina ko hawan Ɗa'if, lagireto ne ya toshe. In allura ta taɓa ja, a tsaya a kashe, kada a buɗe murfi, kada a kwara ruwan sanyi.

Sauran ƙananan awo ba su da yawa. Bawul na shigar iska milimita 0.20, na fitar hayaƙi 0.30, ana saita su injin na da zafi. Bakin filogi 0.8. Baƙin mai 20W-50 ya dace da tsohon inji a yanayinmu, lita huɗu da ɗan ɗori, a juye duk kilomita 5,000. Fetur mai lamba 91 ya wadatar.

Motar da ta yi shekaru a ajiye kuwa, don Allah kada a ɗora mata batir a murɗa makulli. A cire filogai huɗun, a ɗiga mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu da sifana mai lamba 19 a kan fulin ƙasa. A zubar da tsohon fetur, don ya riga ya zama ƙaro, shi ne ke toshe ƙananan ramukan kafireta. A canza matatar fetur da duk wani tiyon roba da fetur ke bi, wannan maganar tsoron gobara ce. Siraran tiyoyin iska da suka kewaye kafireta a ɗauki hotonsu da waya kafin a taɓa, a riƙa canza su ɗaya bayan ɗaya. Ruwan birki a juye shi duka a sa sabon DOT 3. Taya kuma ba a duba zanenta kawai: akwai lamba huɗu a gefenta, 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018, kuma wadda ta haura shekara biyar a kwaltar nan ba abin yarda ba ce. Na'urar sanyi ta asali yawanci da gas R12 take aiki. In za a koma R134a sai an wanke bututu, an canza mai da zoben roba da kwalbar tsotse laima, a zuba ƙasa kaɗan da awon tsohon gas. Ɗura sabo a kan tsoho kashe kwamfuresa ne.

Abin da nake roƙo kada a yi shi ne cire rikodar kaset ta asali a sa allo. Rabin abin da ake kewa a motar nan yana cikin wannan ramin. Gyaranta ba wuya: yawanci bel ɗinta ne ya narke ya zama kamar kwalta, ko robar da ke matse zaren ta bushe ta yi santsi, shi ya sa take taune kaset. A goge kan da ke karanta sauti da sandar ƙarfen da ke jan zare da auduga da aka tsoma a sifirit mai ƙarfi, a sa sabon bel. Amma ko ta gyaru, kada kaset na asali ya shiga mota. Dashbod a ranar Yuli yana wuce digiri 70, kwanson kaset yana lanƙwashewa. A yi kwafi, kwafin ya yi yawo.

Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Ɗanmaraya Jos a 2015, Barmani Coge a 2013. Fitattun waƙoƙinsu suna intanet, amma akwai wasannin biki da na gidajen masu gida da aka naɗa da rikodar hannu, alhazai suka zo da su tsaraba, waɗanda ƙila kwafin da ke kwalinka shi kaɗai ya rage. Haka kasusuwan tafsiri da wa'azi. Hanyar juye su ita ce a nemi rikodar gida mai kyau, a gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Kowane kaset a ɓalle 'yan kunnuwan da ke samansa don kada a goge shi bisa kuskure, a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi, zaren ya saki jiki. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya. In ya faɗi sauti zai fita a dushe, sai a kwance sukurori biyar ɗin a mayar da zaren cikin wani kwanso mai lafiya. Mai lamba 120 zarensa siriri ne ƙwarai, a bi shi a hankali fiye da mai 60 da 90. Wanda aka ga farin fumfuna a jikinsa a ware shi, don zai shafa wa rikoda, ita kuma ta shafa wa sauran. A haɗa waya daga mafitar sauti ta rikoda zuwa kwamfuta, a naɗa da manhajar Audacity, kyauta ce, a 44.1 kHz, a ajiye shi WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ƙarfin sautin kada ya taɓa ja. In muryar ta fito kamar daga cikin rijiya, akwai ɗan sukuru a gefen kan karatu, a juya shi kaɗan-kaɗan ana saurare har ta washe. MP3 na turawa a WhatsApp ne, a ciro shi daga WAV, a bar uwar a ajiye.

Grendizer kuwa, Go Nagai ne ya ƙirƙire shi, aka fara nuna shi a Japan a 1975, kashi 74, aka juya shi zuwa Larabci a Labanan da muryar Jihad al-Atrash, Sami Clark ya yi waƙar buɗewa. Ban ɗauke shi katun na ɓata lokaci ba. Larabcinsa fasihi ne, kuma yaran da ake Hausa a gidansu, ake Hijazanci a layinsu, sun tsinci Larabcin littafi a bakinsa kafin su gane nahawu. Labarinsa ma na baƙo ne, wanda yaƙi ya raba shi da duniyarsa, wani dattijo ya riƙe shi kamar ɗa, yana aikin gona a ƙasar da ta karɓe shi, yana kuma kare ta da ransa. Ba sai an yi wa ɗan Sharar Mansur a Makka ko Sabil a Jidda bayanin dalilin da ya sa wannan ke taɓa zuciya ba. A 2022 an kafa masa mutum-mutumin da ya haura mita 33 a Riyad, a 2024 kuma aka fitar da sabon zubinsa da hannun wani kamfanin Saudiyya a ciki. Shi kam ba zai ɓace ba. Abin da zai ɓace shi ne kaset ɗin bidiyo na gida, inda aka naɗi kashi ɗaya na katun, sannan walimar suna ko ta aure ta biyo baya. A sani cewa talabijin ɗin Saudiyya ta daɗe tana watsawa da tsarin launi na SECAM, to abin da aka naɗa daga gare ta kan fito baƙi da fari a bidiyon da tsarin PAL kaɗai ya sani. Kaset ɗin bai lalace ba, injin mai karɓar tsari da yawa ake nema, wanda aka rubuta MESECAM a jikinsa. A juye a 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. Kada a goge kan bidiyo da auduga, zarenta na karya shi.

Waɗanda za a fara da su kafin komai su ne kasusuwan saƙo. Kafin waya ta yi araha, mutanenmu kan zauna gaban rikoda su yi magana, a ba mahajjaci ya kai Kano ko Sakkwato ko Damagaram ko Mai Wurno, amsa ta dawo wata shekarar: gaisuwar uwa, labarin wanda ya rasu da wanda aka haifa, addu'a, wani lokaci kuka. Yawancinsu ba rubutu a jiki, sun kuma fi shekara talatin. Bayan an juye, a ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a gida, ɗaya a wajen ɗan uwa a wani gari, kasusuwan kansu a jera su a tsaye a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika saboda maganaɗisu. Sannan a kai wa Hajiya ko Baba su saurara, mutum ɗaya na riƙe da biro, yana rubuta muryar wane ce wannan, wa take gaisarwa, kuma a wace shekarar Hajji kaset ɗin ya iso.