Shawarar jarirai daga jini take farawa

Na karanta wani labari na jariran da shawara ke kamawa, wato ciwon da ke sa ido da fata su yi rawaya, kuma ya taɓa ni, don ɗan ƙanwata ta nan Mabera a Sakkwato ya kamu da ita kwana uku da haihuwa. Sai dai labarin bai faɗi inda rawayar ke fitowa ba.

Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi, sannan saifa da hanta su farfasa su. Sinadarin himogulobin da ke cikinsu, wanda ke ba jini launin ja, jiki ba ya zubar da shi haka nan: ƙarfen da ke ciki ana mai da shi ɓargo a ƙera sabon jini da shi. Wani ɓangaren kuma ya koma wani sinadari ruwan ɗorawa da ake kira bilirubin, hanta ta sarrafa shi ta tura hanji, shi ne ma ke ba bayan gida launinsa. To jariri ƙwayoyinsa na saurin mutuwa, hantarsa kuwa ba ta yi ƙwari ba, sai abin ya taru a ido da fata. In ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Mu dai Gwaggo ta ce a shanya shi hantsi a ba shi jiƙo, na ce Gwaggo ki yi haƙuri, asibiti za mu. Fitila mai shuɗin haske aka sa shi, Alhamdulillahi ya warware. Likitan ya kuma hana sa kafur cikin kayan jariri, don yana fasa jinin wasu yaran. Don Allah 'yan jarida ku kai wannan bayani rediyo, mutanenmu na Wamakko da Kware su ji.