Rufe gidajen mari kaɗai bai isa ba, a fito da lasisi

A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka kai samame wani gidan gyaran hali a Daura, suka fito da mutum 67, wasu da mari a ƙafa, kuma ba yara kaɗai ba, har da magidanta masu gemu. Makonni kaɗan kafin nan an yi irinsa a Rigasa ta Kaduna, aka kwaso ɗaruruwa. Aka yi ta Allah wadai, hukuma ta garƙame gidajen, shi ke nan kowa ya kama gabansa.

To amma uwar da ɗanta ya ba shekara 30 baya yana shan ƙwaya, yana ɓalle mata ƙofa da tsakar dare yana neman kuɗi, ina za ta kai shi? Binciken da aka yi a 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, likitocin ƙwaƙwalwa kuwa duk ƙasar nan ba su kai 300 ba. Idan aka ce mata ta tafi asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato ko na Barnawa a Kaduna, kuɗin mota da na gado da na magani su ne za su fara kayar da ita. Shi ya sa nake ganin muddin buƙatar na nan, gidan da aka rufe a cikin gari zai koma bayan gari ne inda ba mai leƙawa, kuma can ne abin zai fi muni.

Mai kemis ɗin unguwa ma doka ta ce sai da lasisi zai sayar da magani, amma a ce mutum zai tara baligai hamsin a ɗaki ya sa kwaɗo, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko takarda? Haba jama'a.

Kuma lasisin da nake nufi ba kwalin da za a rataya a bango a riƙa karɓar kuɗin sabuntawa duk shekara ba ne. A samu rajista mai sunan duk wanda ke ciki da wanda ya kawo shi da dalili, likita ya fara duba shi kafin a karɓe shi, don wani ba kangara ba ce, ciwo ne da magani zai kwantar. Ba mari, ba bulala. A ƙayyade mutum nawa ɗaki zai ɗauka, a duba banɗaki da ruwan sha da ƙofar da za a bi in gobara ta tashi, tunda wanda aka kulle ta waje ba ya iya ceton kansa. Masu dubawa su riƙa faɗowa ba sanarwa, dangi ma haka, su kuma keɓe da mutumin su ji ta bakinsa ba a gaban mai gidan ba.

Wani zai ce ai malamai ne, taimako suke. Akwai na kirki, ban musa ba, su ne ma ya kamata su fara neman a duba su. Sai dai gwamnati ta sauƙaƙa kuɗin rajistar kada ya zama dalilin ɓuya.

Doka ma ai tana nan, Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Saura majalisar dokokin Katsina ta faɗi ƙarara ma'aikatar da za ta riƙa ba da lasisin, ta lafiya ko ta walwalar jama'a, a kuma sa kuɗin masu zagayen dubawa a kasafi.