Da wace tiya za mu auna masani?

Ɗan ƙanwata yana karatun likita a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi wannan bawan Allah. Maƙala ɗari-ɗari, ambato dubu-dubu. Irinsa nake son in zama." Shafin Google Scholar ne, inda ake ƙirga rubuce-rubucen masana da sau nawa aka ambace su, na wani masanin ƙwayoyin tushe, da ginshiƙan lissafi jere shekara bayan shekara, kowane ya ɗara na bayansa tsawo. Na ji daɗin burin yaron har cikin raina. Amma lambar da ya ɗora wa yatsa ta hana ni sakat, domin na ga ta fara zama tiyar da ake auna malamai da ita har a ƙasashenmu, alhali ba a faɗa wa yaranmu abin da take aunawa da abin da ba ta iya aunawa ba.

Ƙwayoyin tushe su ne ƙwayoyin jikin da ba su riga sun kama sana'a ɗaya ba. Suna haifar irinsu, suna kuma iya rikiɗa su zama jini ko fata ko jijiya. Waɗanda ke cikin ɓargon ƙashi su ne ke sabunta jininmu kullum, tun da jar ƙwayar jini ba ta wuce kwana 120 ko kusa da haka. Shi kuwa ambato, duk lokacin da wani masani ya kafa hujja da aikinka a rubutunsa, an ƙirga maka ɗaya. A 2005 wani malamin kimiyya a Amurka, Jorge Hirsch, ya haɗa yawan rubutu da yawan ambato a lamba guda: in aka ce ma'auninka 20, to kana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20.

Ba na cikin masu cewa wannan lissafi aikin banza ne. Akwai inda lamba da gaskiya suke haɗuwa, kuma babu misalin da ya kai na Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto a Japan. Likitan ƙashi ne da ya bar ɗakin tiyata ya koma ɗakin bincike. Shi da ɗalibinsa Kazutoshi Takahashi suka ɗauki ƙwayoyin gado 24, suka yi ta cire ɗaya suna gwadawa, har suka tsaya a kan huɗu waɗanda in aka cusa su cikin balagaggiyar ƙwayar jikin ɓera, sai ta koma baya ta zama kamar ta ɗan tayi. Suka buga a mujallar Cell a 2006. An ambaci wannan maƙala fiye da sau 20,000. To amma ba ambaton ne ya tabbatar da ita ba. Abin da ya tabbatar da ita shi ne cikin shekara guda wasu ɗakunan bincike a Amurka suka bi hanyar da ya bayyana, suka samu abin da ya samu. A 2007 aka yi da ƙwayar ɗan Adam, a 2012 ya karɓi kyautar Nobel, a 2014 kuma aka dasa wa wata mata a Japan ƙwayoyin ido da aka samar ta wannan hanya. Wanda suka raba kyautar tare, John Gurdon na Ingila, a 1962 ya buga gwajinsa a kan kwaɗi. Shekara 50 ke nan tsakanin shuka da girbi.

Sai dai wannan fagen shi ne ya fi kowane nuna mana cewa buhu yana iya cika da ƙaiƙayi. A 2002 mujallar Nature ta buga aikin Catherine Verfaillie da abokan aikinta a Jami'ar Minnesota, inda suka ce sun samu ƙwayoyi a ɓargon balagagge masu iya zama kusan kowane sashe na jiki. Duniya ta ɗauka, aka ambaci maƙalar kusan sau 4,500. Tun da wuri wasu suka yi ta ƙorafin sun kasa maimaita sakamakon, daga baya aka gano matsala a hotunan da ke cikinta, amma ba a janye ta ba sai a 2024. Shekara 22 lamba tana hawa.

Na Piero Anversa, wanda ya yi binciken zuciya a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya fi taɓa ni, domin akwai marasa lafiya a ciki. Ya yi shekaru yana cewa zuciya tana da ƙwayoyin tushen da za su gyara ta bayan ta samu rauni. Sunansa ya yi tambari, kuɗin bincike suka yi ta kwarara, aka shiga gwaji a kan masu ciwon zuciya. A 2017 cibiyar da ke riƙe da asibitin da ya yi aiki ta biya gwamnatin Amurka dala miliyan 10 kan zargin an samu kuɗin bincike da bayanan ƙarya. A 2018 Jami'ar Harvard da asibitin suka nemi a janye maƙala 31 daga ɗakin bincikensa. Ka tuna da ɗaliban da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna gini a kan wannan harsashi, da majinyatan da suka miƙa ƙirjinsu da kyakkyawar niyya. Duk wanda ya buɗe shafin wannan mutum ana gobe asiri zai tonu, abin da ɗan ƙanwata ya gani shi zai gani.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Na'urar da ke ƙirga ambato ba ta karatu. Wanda ya ambace ka don ya yabe ka, da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, da wanda ya kwafo sunanka daga jerin wani bai taɓa buɗe maƙalarka ba, duk ɗaya-ɗaya take rubuta musu. Ga masu ambaton kansu, ga abokan da ke yi wa juna biki, ka zo nawa in je naka. Mu da muka tashi a zaurukan malamai na Birni bai kamata wannan ya zame mana sabon abu ba. Malaman hadisi sun daɗe da raba abin da ya shahara a bakin mutane da abin da ya inganta. Ba sa tambayar mutum nawa ke faɗa kawai. Suna tambayar wa ya ji daga wa, shin sun ma haɗu, yaya haddarsa, yaya gaskiyarsa. Magana tana iya cika gari, malami ya bi sawunta ya ce ba ta da asali. Kimiyya ma tana da irin wannan bin sawu, shi ne wani ya sake gwajin da hannunsa a wani ɗaki dabam ya ga ko zai fito.

Akwai kuma wata fuskar da ta fi shafar mu kai tsaye. Ambato yana bin jama'a ne, kamar ciniki. Fagen da masana dubbai ke rubutu a cikinsa, ko ƙaramin aiki ka yi za a ambace ka. Fagen da mutum ƙalilan ke ciki, ko dutse ka fasa ba mai ji. Kiwon ƙwayoyin tushe yana son akwatin da ke riƙe zafi a digiri 37 dare da rana, da sanyin ajiya da ya kai 196 ƙasa da sifili, da wutar da ba ta ƙiftawa. Wanda ya san bazarar Damagaram, da yadda wuta da ruwa suke mana, ya san malaminmu ba daga layi ɗaya ya tashi da na Kiyoto ba. In aka aza su a sikeli guda, abin da aka auna shi ne arzikin ƙasashensu.

Kada a ɗauka ina cewa wannan ilmi ba namu ba ne. Namu ne, har ma mun fi wasu buƙatarsa. Mafi yawan jariran da ake haifa da sikila, wadda a nan muka fi kira emasi, a Afirka kudu da Sahara ake haifarsu, kuma dashen ɓargo, wato dashen ƙwayoyin tushen jini, yana warkar da ita. Tun 1984 aka shaida haka, kuma a 2011 likitocin asibitin koyarwa na Benin a Najeriya suka yi irin wannan dashe ga mai sikila. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila mai suna Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin majinyaci a gyara su a mayar masa, a kan dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Uwar da ta kwana a zaune da yaro yana ihun ciwon ƙashi cikin hunturu a Mirriya, wannan farashi da babu duk ɗaya ne a wurinta. Abin da ya fi kusa da hannunta shi ne irin binciken da likitocin Kano suka yi a kan maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Irin wannan aiki ba zai taɓa kamo maƙalar Yamanaka a ambato ba, amma akwai yaran da ke tafiya da ƙafafunsu ta dalilinsa.

Ga kuma 'yan talla da suka gane cewa kalmar tana da kwarjini. Suna yawo a WhatsApp da garin sha a ƙunshi, wai ƙwayoyin tushe ne masu maganin suga da hawan jini da rashin haihuwa, suna liƙa hoton Baturen da aka ce an ambace shi sau dubu kaza. Ƙwayar tushe rayayya ce, ba ta zama cikin gari a leda, kuma in ta shiga ciki narkewa za ta yi kamar kowane abinci. Na san gidan da aka sayar da akuya aka sayi wannan, mara lafiya kuma ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa.

Hukumar CAMES da ke Wagadugu, mai duba takardun ƙarin girma na malaman jami'o'inmu, tana neman maƙaloli, kuma hakan daidai ne, malamin da ba ya rubutu ilminsa a kansa zai ƙare. Roƙona ga masu zama a irin waɗannan kwamitoci, da shugabannin tsangayoyinmu a nan Damagaram da Maraɗi da Yamai, su karanta aikin da kansu. Su ce wa malami ya kawo uku ko biyar da ya fi tinƙaho da su, ya faɗi tambayar da ya amsa, da wanda ya sake gwadawa, da abin da ya sauya a ɗakin majinyata. Can ma inda aka ƙirƙiro awon, tun 2012 wasu masana da editoci suka haɗu a San Francisco suka fitar da sanarwar cewa a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga a ciki. Mai sayen hatsi a kasuwar Dole ba ya biya sai ya zura hannu har cikin buhu.

Da muka zo rabuwa na tambayi yaron ko ya san yara masu emasi nawa aka kwantar a ɗakin yaran da yake koyon aiki a hunturun bara, da nawa aka ƙara wa jini, da nawa suka koma gida. Ya ce bai sani ba, amma akwai rajista. Na ce ya nemi izinin malaminsa ya fara ƙirgawa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ranar Litinin zan same shi, in sha Allahu."