Kangon Tantallon da Ganuwar Kano

A bakin teku a ƙasar Sikotland, gabas da Edinbara kusa da garin North Berwick, akwai kangon wata tsohuwar fadar yaƙi mai suna Tantallon. A nan na tarar da wani magini rataye da igiya a jikin bango, yana bin duwatsu ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar guduma domin ya gano wanda ya saki, alhali ginin ba shi da rufi kuma babu wanda zai sake kwana a cikinsa.

Wani basarake mai suna William Douglas ne ya gina fadar a tsakiyar ƙarni na 14, a kan wani tsauni da teku ya kewaye ta ɓangare uku. Ɓangare na huɗu kuwa an tare shi da katangar jan dutse mai tsayin kimanin mita 15 da kaurin fiye da mita 3, kuma har yau ana ganin ɓarnar da igwogin sojojin Cromwell, jagoran rundunar Ingila, suka yi mata a 1651. Tun da ginin ya koma hannun hukuma a 1924 ba a nemi mayar da shi sabo ba. Abin da ya faɗi an bar shi a faɗe, wanda yake tsaye kuma ana liƙe tsagoginsa da kwaɓin farar ƙasa irin na dā, domin siminti yana riƙe danshi har dutsen mai laushi ya rududduge.

Wannan hujja ta siminti ita ce ta sosa mini rai, saboda maginanmu sun san kwatankwacinta tun kafin zuwan Bature. Duk da haka an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi, aka tayar da wata da siminti, ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara kuma ana ta yankar ta ana kafa shaguna.

Na sani dutse yana jure sakaci fiye da tubali, kuma Sikotland tana samun kuɗin masu yawon buɗe ido da mu ba mu samu. Amma a ganina wannan uzuri a kanmu yake komawa, domin ginin da yake buƙatar yaɓe kafin kowace damina shi ya fi buƙatar masu sana'a a kusa da shi. Mutanen Sikotland suna horar da matasa sassaƙar dutse da kwaɓin gargajiya har da ba su albashi, mu kuwa jikokin waɗanda suka ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, a masallacin Zariya tare da shahararren maginin nan Babban Gwani sun koma buga bulo. Yaran da suka iya haɗa makuba (yaɓen da ake yi da ɓawon ɗorawa) ko jera azara ƙalilan ne, kuma kuɗin da aka kashe wa ƙofar siminti guda ɗaya zai ishi Sarkin Magina ya riƙe almajirai masu yawa na tsawon shekaru.